Duk Ran Da Ta Zo Sai Numfashina Ya Ɗauke

Salamu alaikum, masu bin labarin nan nawa. Wanda ya rubuta a ƙasa wancan karon cewa mai furfura a gemu carbi ya kamata ya kama ba soyayya ba, na ga saƙonka. Carbin yana hannun dama, waya tana hagu. Ban ga inda aka ce kada a haɗa ba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, bari in gajarta masa. Ni mai fentin mota ne, ko in ce da can. Tun ban da gashin baki nake riƙe da bindigar fenti a gareji. Rabin fentin ya tafi jikin motocin mutane, rabi ya zauna a ƙirjina. Tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ta fara da hancina ta kashe shi murus, ko madara ce ta lalace sai na kurɓa nake sani. Daga baya abin ya gangara huhu. Likita ya ce hanyoyin iskar sun tsuke, kuma ba za su koma yadda suke ba. Na bar gareji. Matata ta rasu shekarun baya, Allah ya ji ƙanta. Yanzu daga ni sai 'yata, malamar firamare, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ne da ita, kuma wallahi ta ɗauki sunan da gaske.

Sai mata biyu da suka shigo min rayuwa kusan tare, kowacce da irin wahalar da take ba ni.

Ta farko asibiti ne suka turo ta. Ma'aikaciyar motsa jiki ce, tana bin masu irin ciwona har gida. 'Yar gajeruwa, takalmin kambas, jaka a kafaɗa, ba ta kai Uwata shekaru ba. Ni na sa mata suna Sajan. Ran da ta fara zuwa ta same ni a kujerar da na yi watanni a kai, ta dube ni ta dubi kujerar ta ce, "Baba, kai da kujerar nan wa ya auri wani?"

Uwata ta ce, "Ai haki yake yi in ya motsa, shi ya sa muka ce ya zauna."

"Zaman ne ke ƙara hakin," in ji Sajan. "Huhun ba zai dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Amma cinya da ƙafa da hannu za su iya koyon aiki da iska kaɗan."

Ni na gane abin da take nufi kafin Uwata. Mota ce mai ƙaramin tanki, sai a gyara inji ya daina shan mai. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Tun daga nan gidana ya koma bariki. Tafiya daga ƙofar falo zuwa ƙofar gida, a dawo, a sake. Tashi daga kujera a zauna ba dafa hannu. Gorunan ruwa biyu, a ɗaga sama a sauke. Shaƙa ta hanci, fitarwa ta baki a tsuke a hankali kamar mai hura shayi. In iska ta ƙare, a dafa gwiwa ko a jingina da bango a saki kafaɗa. Ta sa aka naɗe kafet ɗin falo aka fitar, ta hana maganin sauro na hayaƙi, ta ce ƙura da hayaƙi abokan gabata ne. Da farko ko ƙofar gida ban kai ba sai na ga taurari. Uwata tana bina a baya tana "Baba zauna, don Allah zauna," Sajan tana gaba tana "Haki ba mutuwa ba ne, taho." Ni a tsakiya kamar akuyar da mutum biyu ke ja.

Amma abin ya yi aiki, ba zan ci amanar gaskiya ba. A hankali na fara fita layi. Na kai shagon mai faci. Na wuce shi. Na koma yin wanka ban zauna a kan bokiti ba. Wanda bai taɓa rasa iska ba ba zai san girman wannan maganar ba.

Ta biyu kuwa ita ce dalilin rubutun nan. Mai Turare. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna makaranta, tana zaune a saman wani bene can bayan tankin ruwa. A ɗakinta take haɗa turare ta kai shaguna, da shi take ci, da shi take sha. Ƙofar 'yar motarta ce aiki na ƙarshe da na fesa kafin in bar gareji. Ta kira ni a waya ta ce ƙofar ta fi jikin motar duhu. Na ce idonki ne, Hajiya. Ta ce bakinka ne, Mai Fenti. Daga faɗa muka zarce hira, daga hira na faɗa mata abin da ke raina, don ni ban iya kwana-kwana ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce za ta riƙa leƙo ni ta gani.

To ga inda gizo ke saƙar.

A waya ni zaki ne. Ina aika mata saƙon murya mai tsawo, in ba ta labarin gareji har ta aiko da dariya. Amma duk ran da ta zo gidan, ta yi sallama ta zauna, sai ƙirjina ya kama kamar an ɗaure shi da bel. Magana ta koma guntu-guntu. Tari ya taso. Sai in ƙare da abin shaƙar maganin ƙirji a baki, ita kuma tana kallon ƙasa.

Kun san fassarar da na yi wa abin? So. E, ku yi dariya. Mutum ya ba hamsin baya, ya ce so ne ke ɗauke masa numfashi. Har daɗi nake ji a ɓoye. Na ce ashe zuciyar ba ta tsufa ba.

Uwata kuwa kullum tana makaranta a lokacin zuwan. Amma in ta dawo ta sa ƙafa a falo, sai ta yamutsa fuska ta hau buɗe tagogi.

"Matar nan ta zo."

"Wa ya gaya miki?"

"Warinta ya gaya min."

"Uwata, ki iya bakinki. Mutuniyar kirki ce."

"Ni dai duk ran da ta zo kwana kake tari. Ka bar zumuɗin nan, Baba, jikinka ba na aure ba ne."

Na ɗauka kishin mahaifiyarta take tayawa, sai na toshe kunne.

Makon da ya wuce, da safe ina tsakiyar ɗaga gorunan ruwa, waya ta yi ƙara. Saƙon murya daga Mai Turare. Muryarta ba wasa a ciki.

"Mai Fenti, yau zan zo da hantsi. Ina so mu yi magana ta manya. A waya mutum ɗaya nake ji, in na zo mutum daban nake gani. Ka gaya min wanne ne gaskiya."

Na ajiye gorunan. Na ɗauka. Na sake ajiyewa. Na shiga ɗaki na fito. Na sa farar doguwar riga, na cire don wuyan ya ɗan yi dauɗa, na sa ruwan ƙasa mai aljihu biyu. Na goge takalmi da ba inda zan je da shi. Na share falo da jiƙaƙƙen tsumma yadda Sajan ta koya mana. Sannan na yi wayon da na saba yi duk ran da za ta zo: na rufe tagogi ruf don kada ƙurar layi ta shigo ta tayar min da tari a gabanta, na kashe fanka don ta taɓa cewa iskar fanka na sa mata ciwon kai. Na shaƙi magani tun kafin lokaci. Na ce yau sai ta ga namiji.

Ta iso cikin leshi ruwan toka, mayafi mai ƙananan duwatsu a gefe, jaka baƙa mai sarƙa, zobe a yatsa biyu. Ta zauna a kujerar da ke kusa da tawa, ba ta nesa ba kamar kullum. Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa. Ta miƙa hannu ta gaban fuskata ta ɗauki kofin ruwa da ke gefena, alhali ga nata a gabanta.

"Yau ma ba ka ce komai ba," ta ce.

Na dube ta sama da ƙasa. "Leshin ya yi kyau."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Leshin."

"Da mayafin."

"To, na gode."

Na buɗe baki in faɗi maganar da na kwana ina shiryawa, cewa yanzu ina zaga layin nan da ƙafata. Na samu "Hajiya, yanzu ina" ta fita, sauran ta maƙale. Bel ɗin ya ɗaure, ya fi na kullum. Na tsuke baki ina hura shayin da babu shi, iskar ta ƙi fita sai da fito kamar tsohuwar butar shayi. Tari ya turnuƙe ni. Ta tashi ta zo kaina tana min fifita da gefen mayafinta, tana "Sannu, sannu," ni kuwa kamar ana danna ni cikin ruwa. Na laluba aljihu na ciro abin shaƙa.

Da abin ya ɗan lafa, ta koma ta zauna. Idonta ya yi ja.

"Malam," ta ce. Ba ta ce Mai Fenti ba, daga nan na san an gama. "Na yi jinyar uban 'ya'yana har ya cika a hannuna. Na san ƙarar numfashin nan, na san inda take zuwa. Ban ce laifinka ba ne. Amma ba zan iya sake zama a bakin gado ina sauraron ƙirjin mutum ba. Wallahi ba zan iya ba. Da ka gaya min gaskiya tun farko, ba ka riƙa shan magani kana min zaki a waya ba."

Ina so in ce ba ƙarya nake ba. Iskar da zan faɗa da ita babu. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ban fi ɗan lokaci a zaune ba aka sake sallama. Sajan ce. Ashe ta sauya ranar zuwanta, ta aiko saƙo ban buɗe ba don hankalina na wani wuri. Ta sa ƙafa ɗaya a falo, sai atishawa. Ta sake. Ta sa gefen hannu a hanci.

"Innalillahi! Wa ya fasa kwalbar turare a nan?"

Na ce da ƙyar, "Wane turare?"

Ta dube ni kamar na zage ta. Ba ta tsaya magana ba, ta kama hannuna ta ja ni tsakar gida, ta zaunar da ni a inuwa, ta sa na dafa gwiwa. Ta koma ta bankaɗa tagogi ta kunna fanka. Ta dawo ta maƙala min ɗan abin nan na yatsa mai nuna iskar jini, tana kallonsa tana kallona. Ba a jima ba na ji bel ɗin yana sassautawa da kansa.

"Baba, matar da na gamu da ita a bakin ƙofa, nan ta fito?"

"Nan."

"Tun daga kwanar layi nake jin ƙanshinta. Kai ba ka ji ba?"

"Hancina ya mutu tun kina goye."

"Ka taɓa gaya min?"

"Kin tambaye ni huhu, ba ki tambaye ni hanci ba."

Ta dafa kai. "Hanci ya mutu, huhu bai mutu ba. Shi yana ji. Turare mai ƙarfi a ɗaki rufe, ga mai ƙirji irin naka, ɗaya yake da hayaƙi. Na faɗa ran farko, ƙura, hayaƙi, ƙanshi mai ƙarfi."

Ta faɗa ɗin. Ni ne na ji na ukun na watsar, na ce wannan ba ya shafata.

"Kuma ka rufe taga."

"Saboda ƙura."

"Ka kashe fanka."

"Kanta ke ciwo."

Sajan ta juya baya. Kafaɗunta na rawa. Na ce, "Yi dariyarki a fili, yarinya, kada ta shaƙe ki ke ma."

Ta juyo tana share ido. "Kai me ka ɗauka yana faruwa?"

Na kau da kai. Ku da na gaya wa ma, don ba ku ganin fuskata ne.

Da Uwata ta dawo ta ji, ta ajiye jakar littattafai ta riƙe ƙugu.

"Sau nawa na ce maka warinta?"

"Kin ce wari. Na ɗauka kishin uwarki kike."

"Da kishin, da gaskiya. Duka biyu." Ta zauna. "To alhamdulillahi, Allah ya raba lafiya. Mace mai sayar da turare, Baba, ina za ka kai ta? Gidan nan? Mu tashi da safe mu tarar da kai a sandare?"

Maganarta akwai ƙashi a ciki. Ku duba inda na tsinci kaina. In na yi shiru, Mai Turare ta tafi da cewa ni gawa ce mai jiran lokaci, kuma maƙaryaci. In na yi magana, sai in ce mata abin da take ciyar da marayunta da shi, shi ne ke shaƙe ni. Gaba kura, baya sayaki.

Na kira ta, ba ta ɗauka ba. Na aika saƙon murya, ya shiga, ba ta buɗe ba. Na ajiye wayar a kan firji don in daina dubawa, na dawo na ɗauka. Na zaga tsakar gida har Uwata ta ce zan haƙa rami. Tashi-zauna da Sajan ke fama da ni in cika, ranar na wuce ƙa'ida ban sani ba. Abinci ya ƙi shiga. Washegari haka. Wanshekare haka. Na duba hotonta na kan wayar, ta cire shi ta sa hoton kwalabe.

Ran da Sajan ta dawo na ce mata, "Bayan tankin ruwa. Zan iya?"

"A mota?"

"A ƙafa. In na je a mota, me na nuna mata?"

Ta auna ni da ido. "Ya ninka inda ka taɓa kaiwa. Akwai bene?"

"Akwai."

"To ji. Da sanyin safiya. Ka tsaya kafin iska ta ƙare, ba bayan ta ƙare ba. A matakala, ka shaƙa a tsaye, ka fitar yayin da kake ɗaga ƙafa. In ƙirji ya yi ciwo ko kai ya juya, ka zauna ka kira ni, ba jarumta. Kuma kada ka shiga ɗakin nan, Baba. Ko ta ce bismillah."

Uwata tana ƙofar kicin tana jin mu. Ta koma ciki. Da safe na sa rigar nan ruwan ƙasa, na zo fita, ta tare ƙofa. Na shirya faɗa. Sai ta zura abin shaƙa a aljihuna na dama, 'yar gorar ruwa a na hagu, ta gyara min wuyan riga da ƙarfi kamar mai huce haushi.

"In ka faɗi a hanya, ni ba zan zo ɗauka ba."

"Na ji, Uwata."

"Wayarka a kunne take?"

Na fita. Mai faci ya ɗago kai ya ce, "Oga, yau ina zuwa da sabon takalmi?" Na ɗaga masa hannu kawai, iskata ba ta gaisuwa ba ce. Na tsaya a kwalbati na jingina da sandar wuta, na hura shayi. Gaban shagon mai walda janareta na zuba hayaƙi, na tsallaka ɗaya hannun. Na sake tsayawa a bakin makaranta, yara na kallona ina tsuke baki, na bar su su kalla. Sannu ba ta hana zuwa. Har na hango tankin ruwa.

Benen nata matakalarsa siririya ce, siminti duk ya cinye. Shaƙa a tsaye, fitar a hawa. Shaƙa, fitar. A tsakiya akwai ɗan fili da taga mara gilashi, iska na shigowa. Nan na tsaya. Daga nan ina ganin ƙofarta a sama, kore ce, da takalma a jere. Na jira numfashi ya zauna daram, sannan na yi sallama da muryar gareji.

Ƙofar ta buɗe. Zane ne a jikinta da tsohuwar riga, ɗankwali a karkace, hannunta riƙe da ɗan mazurari. Ta ga ni, ta leƙa ta taga tana neman motar da ta kawo ni.

"Wa ya kawo ka?"

"Ƙafata."

"Daga gida?"

"Daga gida. Tsaya nan inda kike, kada ki sauko."

Ta ɗaure fuska. "A gidana za ka ba ni oda?"

"Hajiya, ki ba ni aron kunnenki, in na gama ki kore ni. Ban yi miki ƙarya a waya ba. Wanda kike ji a waya shi ne ni, ga shi tsaye, kin ga ya hau miki bene yana magana bai tsaya ba. Ciwon yana nan, ba zai warke ba, ban ɓoye ba. Amma abin da kike gani a falona ba ciwon ne kaɗai ba. Turaren jikinki ne ke shaƙe ni. Ni ban sani ba sai ran da kika tafi, don hancina ba ya jin komai, ko ƙanshi ko wari, tun shekaru."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a gabanta. Ta tsaya kamar an dasa ta. Na ɗauka zagi zai biyo baya. Sai ta zauna a matakalar sama a hankali, ta ajiye mazurarin.

"Ba ka ji?"

"Ko kaɗan."

"Tun ranar farko?"

"Tun kafin in san ki."

Ta rufe baki da hannu. Da ta cire, ta ce, "Zuwan farko na sa mai sanyi, ba ka ce komai ba. Na ce ƙila bai yi masa ba. Na sauya, shiru. Na ƙara ƙarfi, shiru. Kowa a hanya sai ya juyo, kai sai leshi. Na ce mutumin nan ko dai dutse ne ko ba ya sona. Na zauna na haɗa wani sabo, ban sayar wa kowa ko ɗigo ba, na ce wannan na Mai Fenti ne. Shi na sa ranar. Har mayafin na kwana ina turarawa." Ta dube ni. "Da shi na yi maka fifita."

"Da shi."

"Na kusa kashe ka ke nan."

"Garin neman gira. Ni ma na taya ki, ni na rufe taga."

Dariya ta kuɓuce mata, ta haɗe da kuka, ta share da gefen zane. Sai ta natsu, ta koma matar nan da ta kira ni kan launin ƙofa.

"To ka ji nawa. Ɗakin nan da kake gani, labule, katifa, kayan sawa, har gashin kaina, duk sun sha. Da kwalaben nan na binne miji ban roƙi kowa ba, da su yarana ke karatu. Kai kana so in zaɓa tsakaninka da su."

"Ban ce ki zaɓa ba."

"Ƙirjinka ya ce."

Na sosa ƙeya. Ni da ba a taɓa rufe min baki a gareji ba.

Ta tashi ta shiga ciki. Na ji ƙarar kwalabe. Ta fito da 'yar ƙaramar kwalba, ta naɗe bakinta da leda ta ɗaure tam, ta sake sa ta a wata ledar. Ta ajiye a matakala ta tura da ƙafa, ta gangaro ta tsaya a gabana.

"Naka ne, da sunanka na haɗa. Kada ka buɗe. Ka ba ni lokaci in yi tunani, kada ka kira ni, kada ka aiko min zakin nan naka na waya. In na yanke, da ƙafata zan zo in gaya maka, ko e ko a'a. Yanzu sauka a hankali, ina kallonka ta taga."

Na sauka. Na san tana kallo, don haka ban tsaya hutawa ba sai da na sha kwana, inda na rungumi sandar wuta kamar ɗan'uwana.

Kwalbar na ba Uwata ta ajiye a kan katanga can ƙarshen tsakar gida. Ta ɗan kai hanci kusa da ledar ta ce, "Hm. Ta iya dai." Daga bakin Uwata, wannan lambar yabo ce.

Kwanakin da suka biyo baya kada Allah ya maimaita. Ban kira ba, na yi alkawari. Amma tafiyar ƙofar falo zuwa ƙofar gida ta koma sintiri, duk wanda ya taɓa ƙofar sai na riga kowa isa. Mai kawo ruwa ya fara tsorona. Sajan ta ce ba ta taɓa samun majinyaci mai ƙwazo kamata ba, ta ce in da hali a bar matar nan ta daɗe tana tunani.

Yau da safe, ranar ba makaranta, ina tsakar gida da gorunan ruwa a hannu, aka ƙwanƙwasa. Uwata ta fi kusa, ta riga ni. Na ji ta buɗe, na ji shiru. Sai ta dawo ta tsaya a gabana, fuskarta wata iri, tana jan hanci kamar mai neman abin da ya ɓata.

"Baba, ita ce."

"To me ya faru?"

"Sabon mayafi ne a jikinta, ko lanƙwasar shago ba ta fita ba." Ta sake jan hanci. "Baba, ban ji komai ba. Ko sabulu."

Na ajiye gorunan. Ga taga a buɗe, ga iska tana kaɗawa, ga kwalba can kan katanga a ɗaure. Na ji takunta tana shigowa.

Sai ƙirjina ya kama.

Wannan karon babu turaren da zan ɗora wa laifi.